Gwani Da Na'urar Da Ba Ta Ganewa

Allon kwamfuta ya sake yin ja. Gwani ya dafe kai, gumi yana bin wuyan rigarsa.

Ɗakin gwajin ba shi da taga, fankarsa kuma sai ƙugi, babu iska. Tun da safe Manaja ta shigo da shi, ta ajiye masa ruwa ta ce, "Gwani, ba ka fita sai an ɗebo amsa daidai. In abin ya gagara, gobe wani zai hau kujerar nan." Ta ja ƙofa tana wani murmushi da bai gane kansa ba.

A baki aikin ba shi da wuya. Kamfaninsu na sayar da sabulu zai fara aiki da na'ura mai basira, wadda za a tambaye ta bayanin ciniki ta je ta ɗebo. Sai dai ita kamar baƙo take a gidan da bai sani ba. Ƙofa uku ne a gabanta a cikin kwamfutar: ɗaya ta kayan da aka yi oda, ɗaya ta kayan da suka fita daga sito, ɗaya ta kayan da aka sayar bayan an cire waɗanda aka mayar. Abin da aka rubuta a jikin ƙofa kaɗai take bi. Mai rubutun kuwa Gwani ne, kuma duka ukun ya rubuta musu abu guda: "Nan ake samun bayanin ciniki."

Tambayar Manaja ɗaya ce: katan nawa aka sayar a watan jiya? Shi zai gyara rubutu ya tura, ya jira ya ga ƙofar da aka buɗe.

Jiran ne ya fi cinsa. An ce masa waɗannan na'urori kamar walƙiya suke, ga wannan sai ta yi ta jan ƙafa kafin ta zaɓa, ta kuma zaɓi ta oda. Ta bayan bango yana jin wani yana tari, cokali yana kaɗawa a kofi. Wasu suna shan shayi, shi yana shan wuya.

Kuma ba kujerar kaɗai yake tsoro ba. Surukinsa, tsohon ɗan kasuwar da ya kafa kamfanin, shi ya sa baki aka ɗauke shi. Mutumin da Gwani bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa ko shan ruwa a gabansa ba. Tsohon da kullum maganarsa, "Abin da ban gane ba, ba ya shiga shagona." Da wane baki za a ce masa mijin 'yarsa ya kasa rubuta layi uku?

Ya gyara da manyan kalmomi irin na takardar ofis. Ja. Ya ƙara tsawo. Aka daɗe fiye da da, sannan aka buɗe ta sito. Ja.

Ya tashi ya murɗa ƙofa, a kulle. Ya buga wa Manaja waya.

"Anti, don Allah ki duba na'urar nan, kanta ba daidai ba ne."

"Kanta ƙalau," Manaja ta ce, dariya tana neman ƙwace mata. "In aka gane rubutunka yau, to kowace na'ura a duniya za ta gane shi."

Nan haƙurin Gwani ya ƙare. Ai ƙarfe ba ya jin zagi. Ya naɗe hannun riga ya rubuta a ƙofar farko: "Kai jaki, wannan oda ce, ba a sayar ba tukuna, kada ka taɓa." A ta biyu: "Wannan kaya ne suka bar sito, wasu za su dawo, daƙiƙi." A ta uku: "In an ce maka nawa aka sayar, nan za ka shiga, mai kan kwakwa." Ya tura, zuciyarsa ta yi sanyi.

Tarin bayan bango ya tsaya cak.

Can sai allo ya yi kore. Gwani ya yi tsalle har ya kusa taɓa fanka.

Makulli ya juya. Manaja ta leƙo, idonta jawur don dariya. "Ka tsira da kujerarka. Zo ka gaisa da wanda muka gwada rubutunka a kansa kafin mu ba na'ura."

Ta tura ƙofar ɗakin da ke kusa. Surukinsa ne zaune gaban kwamfuta, tabarau a kan hanci, kofin shayi a gefe, yana murza ɗan yatsan da ya wuni yana dannawa da shi, ya ɗago a hankali ya ce, "Shigo mana, ɗana. Jakin dai ya gane."