Mafarkin Inna da Kwamfutar Falo

Haƙorin mai gyaran waya na bakin layi bai gama gangarawa cikin kwata ba Gatari ya sake cin kwalarsa. Gatari mahauci ne, hannunsa ɗaya ya kai cinyar wani. Laifin mai gyara ɗaya ne: ya taɓa shiga gidan, ranar da Gatari ya tafi sayen shanu, wai zai saka wa Inna, mahaifiyar Gatari, karatu a wayarta.

"Wa ya sa ka?"

Mai gyara ya tofar da jini, ya ce, "Ka tambayi cikin gidanka." Daga nan ko da Gatari ya buga masa kai da teburin caji, bai ƙara ko a ba.

Abin ya faro ne daga kwamfutar falo, wadda Gatari ya saya don karatun 'ya'yansa mata. Wata uku ke nan ta haukace. Ka taɓa nan, talla ta fito. Ka rufe ɗaya, biyar su haihu. Ranar da surukansa suka zo gaisuwa ta cika allo da maganin ƙarfin maza, har da kiɗa. Surukinsa ya kalli allo, ya kalli Gatari, ya ce, "Allah ya ba da lafiya."

Sai aka kira Injiniya, wata mata mai tabarau da ba ta dariya. Duba ɗaya ta yi ta ce talla wasa ce. Akwai ɓoyayyiyar manhaja a ciki da ke buɗe kyamara, tana aika wa wani duk abin da ake yi a falon. Irin ta kyauta ce, ita ta kwaso tallan kamar kare da kaska.

Gatari ya tuna 'yan matansa suna zama a nan ba ɗankwali. A gaban kowa ya rantse sai ya farfasa hannun da ya yi wannan aiki, ko na waye.

Inna ta ce dama ta yi mafarkin akwai munafuki a gidan. Mafarkin Inna kuwa ba a wasa da shi. Ita ta yi mafarkin Gatari na zuƙar sigari a kan doguwar kujerar falo bayan likita ya hana. Ita ta yi mafarkin yana tiƙar rawa da singileti da ya ga ba kowa. Gwiwoyinta sun hana ta barin ɗakin baya sai da dalili, amma ba a taɓa kama mafarkinta da ƙarya ba. Har maƙwabta ke aiko mata a yi musu addu'a.

Da Gatari ya dawo daga bakin layi, cikin gida mutum ɗaya ya zarga: ƙanin matarsa, Tsinke, wanda ya zo kwana uku ya shekara biyu. Mari ɗaya, Tsinke ya yi tafiyar ruwa har bayan firij. Gatari ya jawo shi da ƙafa, ya shimfiɗa hannunsa a kan teburin kwamfuta, ya ɗaga muciyar ƙarfen da yake fasa ƙashi da ita. Matarsa ta riƙe masa riga, rigar ta tsaya a hannunta, shi bai tsaya ba.

"Yaya, wallahi kati kawai nake bugawa!"

"Yau za ka buga da ƙafa."

Inna, da aka tallabo zuwa kusurwar falo, tana ta jan carbi tana cewa, "A dai bi a hankali."

"Malam, sauke ƙarfen nan, ka ba ni minti goma," in ji Injiniya, da har yanzu ke gaban kwamfutar. "Duka ba ya cire manhaja."

Ta zare wayar intanet daga jikin kwamfutar. Ta kwashe hotunan gida da takardun makaranta a filas. Ta kashe kwamfutar, ta tashe ta ta yadda ba abin da zai motsa sai na dole, ta saki manhajar bincike. Manhajojin talla arba'in da bakwai ta kama, ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce duk lambobin sirri sai an canza, kuma daga wata na'urar, ba wannan ba. Duk wannan Gatari na danne da wuyan hannun Tsinke, yatsun har sun yi fari.

"Saura uwar gayyar," ta ce. "Wannan in aka goge ta da intanet a haɗe, sai ta yi wa mai ita ƙorafi a waya. Kowa ya fito da tasa."

Aka jera wayoyi a kan tebur: ta matar, ta 'yan mata, ta Tsinke mai fasasshen gilashi. Inna ta ce ita a kai ta ɗaki, lokacin maganinta ya yi. Ba wanda ya saurare ta.

Injiniya ta manna salatif a idon kyamara, ta mayar da wayar intanet, ta danna. Gatari ya ɗaga ƙarfe sama, idonsa a kan wayar Tsinke. Tsinke ya runtse ido yana salati.

Wayoyin tebur ko tari ba su yi ba.

Ƙarar daga kusurwa ta taso, daga ƙarƙashin mayafi, daga babbar wayar nan da Gatari ya saya wa Inna da kansa don jin karatu. Inna ta zaro ta, ta nesanta ta da ido, ta ga allon ya yi baƙi ƙirin, ta ja dogon tsaki.

"To, hankalinku ya kwanta," ta ce, "kun kashe min mafarkina."