Ramin Bayan Ɗaki

Shekarar da muka baro Gidan Goga muka koma Talata Mafara, kawuna ya aiko mana da gadon tsalle na gwanjo: zoben ƙarfe, baƙin tamfol mai miƙewa, da sifirin cikin buhu. Ya ce ko zai sa in koma wasa, don tun da 'yan bindiga suka kashe yayana na daina.

Da la'asar Baba ya haɗa shi a bayan ɗaki. Na hau na yi tsalle, kaina ya wuce katanga, na hango matan maƙwabta suna daka.

"Sauko," in ji Baba. "Baƙi muke, ba a leƙen gidan mutane."

Bai kwance shi ba. Ya ɗauko diga da shebur ya fara haƙa, don gadon ya nutse daidai da ƙasa. Hannunsa ya saba da haƙa a shekarar nan. Ina zaune ina shaƙar ƙamshin jar ƙasa mai danshi, irin wadda ya dawo da ita a ƙafafunsa ranar da aka kai yayana makwancinsa.

Da ramin ya kai masa ƙugu, ya tsaya yana kallonsa.

"Wanga rami dai," ya ce, ba da ni yake ba, "wanda ya faɗa cikinai, sama zai taso."

Muka zura gadon. Na hau, ya cilla ni sama, na dawo, ya sake cilla ni. Ban yi dariya ba, ban yi kuka ba.

Har yau in aka tone ƙasa kusa da ni, ba na jin komai. Gwiwoyina ne kawai ke ɗan lanƙwashewa, kamar zan yi tsalle.