Rigar Zuwa Bakin Tafki

Rigar ta kama shi a hammata. Makanikin ya ɗaga hannu, ɗinkin ya yi ƙara, ya sauke da sauri.

"Kada ka yaga ta," in ji matar gidan daga bakin ƙofa. "Ita ce rigar da Inna ta sani. Wuyan take fara lalubawa."

Ya gyara wuyan rigar kawai. Dama shi ba mai yawan magana ba ne.

Jaka na buɗe a kan gado. Duk bazara, idan zafi ya fara dafa mutane a ɗaki, Inna kan sa a fitar mata da kujera baranda, can birnin bakin tafki, ta zauna jiran babban ɗanta. Babba take ce masa. Bana an makara. Idonta ya daɗe da rufewa, yanzu kuma ciwon zuciya ya shigo. Likita ya ja 'yarta gefe, ita da ke jinyar, ya ce tsohuwar nan ƙwai ce a cokali, duk labarin da zai girgiza ta a bar shi a bakin ƙofa. Shekaranjiya 'yar ta bugo waya. Inna ta ture kwano, ta ce ba ta ƙara cin komai sai Babba ya zo.

Ya jawo aljihun durowa yana neman singileti, ya tarar da zare da almakashi.

"Na ƙasa," in ji ta.

Ta shigo ta karɓi aikin. Fararen riguna marasa nauyi ta zaɓa, ta ninke su a kan keken ɗinkin da ke lulluɓe a kusurwa. Ta sa hular rana. Ta sa rigar sanyi guda, don iskar tafki da yamma ba ta san ana bazara ba. Da ta zo kan kwalbar turare sai ta tsaya. Ta buɗe, ta kai hanci, ta juya masa baya na ɗan lokaci. Shi kuma ya sunkuya yana cusa takarda a bakin takalmin don kada ya riƙa fita.

"A wuya za ka shafa, da bayan hannu," ta ce, muryarta ta ɗan dushe. "Kawo hannun ma in gani."

Ya miƙa daga nesa. Tun safe yake dirzarsu da lemon tsami, amma baƙin mai ya riga ya yi gida a cikin tsagar fata.

"Wannan ai bayan kada ne. Ka bi shi da man shafawa har ku isa. Kamawa za ta yi, ba ta saki."

Abin da ke cinsa ke nan. A waya da sauƙi. Ka gaishe ta, ka ƙaƙalo dariya, ka ce layin ba kyau, ka kashe. Ko a hakan, duk sanda ta bi shi da "Allah ya yi maka albarka, Babba", sai albarkar ta yi masa nauyi. Yakan koma ƙarƙashin mota ya kwanta, ba don akwai abin gyara ba. Ya sha ɗaura niyyar faɗa mata gaskiya, kowa ya huta. Sai ya tuna maganar likita, ya haɗiye.

"In ka shiga, kada ka tsaya a ƙofa kamar baƙo," matar ta ci gaba tana danna kaya. "Da tsokana za ka shiga. Ka ce ta yi ƙiba. Za ta zage ka, ka yi dariya. Kada ka zauna mata shiru kamar turmi, na san halinka."

"To."

"Da la'asar za ta ce a tura ta bakin ruwa, ka riƙa faɗa mata kalar jiragen da ke wucewa. Har kan gadar katako ake kai ta."

Ya share gumi. Shi da ko rafi ba ya son tsallakawa.

Ta ja zif ɗin jakar, ya cije, ta sake ja. Sannan ta tambaya ba tare da ta dube shi ba.

"In ta tambayi Auta fa?"

"Ba za ta tambaya ba."

Wannan kam ya tabbata. Auta da kansa ya ɗauke ƙafa daga gidan, kan wata 'yar magana da ba ta kai ta kawo ba. An yi ta roƙonsa ya je ya durƙusa, yana cewa sai baɗi. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa, har Inna ta gaji ta daina ambatonsa.

"In dai ta tambaya," ta nace.

"Sai in ce yana nan. Kunya ce ta hana shi zuwa."

Mota ta yi oda a waje. Ya gyara hula a madubi, ya kawar da kai da sauri. Matar ba ta raka shi ba, a bakin ɗaki ta tsaya ta harɗe hannu. Ya kai tsakar gida ta kira shi.

"Ka manta ƙafar. Tun daga soro take gane takun."

Ya tsaya. Ya sauya jakar zuwa ɗaya hannun.

Sannan Auta ya nufi ƙofa yana jan ƙafar hagu a hankali, yadda yayansa Babba, mijin matar nan, ke yi kafin su kai shi makwancinsa watan jiya.