Kwalaben Fada Leon

Ƙarfe huɗu na yammacin Asabar Halina ta tura ƙofar ɗakin matasa na coci, ta tarar da yara biyar suna rera waƙar yabo da muryar da ba ta dace da yabo ba. Miłosz na rawa da tsintsiya. Witek ya rungume ƙafar tebur yana yi mata alkawarin aure. Jagoda kuwa, 'yar cikinta mai shekara goma sha biyar, tana zaune dirshan tana dariya har da hawaye.

"Mama, ƙasar ce ke juyawa, ni ba ruwana."

A kan tebur ga kwalabe biyu wayam. Ruwan inabin sujada ne, wanda Fada Leon, limamin cocin, ke ajiyewa a firjin kicin ɗinsa.

Halina ce shugabar matasa, ita ta rubuta dokar da hannunta: duk yaron da aka kama da giya ba zai bi ayarin hawan duwatsu na hutun bana ba. Bara ta soke sunan ɗan maƙwabciyarta, har yau matar ba ta amsa gaisuwarta. Ga Jagoda tun bikin Ista take shirya jaka.

Ta sunsuna bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ji komai ba sai ƙamshin cingam. Ja'irai, har da dabara.

Ta daɗe tsaye a gaban kwandon shara da kwalaben a hannu. Wa zai sani? Daga baya ta ja tsaki, ta nufi lambu inda Fada ke kurɓar shayinsa, mutumin da ko a wurin biki shayi yake sha maimakon giya, wai yana da gyambon ciki.

Da ta faɗa masa, ya zo ya ƙare wa yaran kallo.

"Wa ya fi buguwa a cikinku?"

Miłosz ya ɗaga hannu da alfahari, ya yi tangaɗi.

"Madalla. Ladan sata, za ku nome ciyawar maƙabarta kaf. Tafiya kuma da ku za a yi."

Halina ta bi shi waje ranta a ɓace.

"Fada, ba na son alfarma. Gobe gari zai ɗauka an kauda kai don 'yata ce. Na gwammace ta yi kukanta."

Ya murza gefen rigarsa. Ya dubi matar da ke shirin karya zuciyar 'yarta saboda gaskiya, ya ga ba shi da mafita sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa a garin ba.

"Halina, ni tsohon mashayi ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da bishof ya yi mini izinin yin sujada da matsattsen inabi maimakon giya, ko jariri ya sha abin nan ba zai bugu ba."