Gam a Bakin Inji

Ajiye gwangwanin gam ɗin nan tukuna, malam, ka ji wani misali, don na ga kai ma hannunka ƙaiƙayi yake yi.

An yi wani manomin rani a bakin wani gulbi, mutum mai ƙwazo, sai dai zuciyarsa a kusa take. Shekara uku yana ban ruwa da guga kafin ya sayar da bijiminsa ɗaya tilo ya sayi inji. A wurinsu in rani ya yi gulbin ƙafewa yake, sai manoma su kafa bututu cikin yashi har ya tarar da ruwa, su girke injunansu a nan tsakiyar gulbi, su ja bututun roba zuwa gonakinsu a kan gaɓa. Shi ma ya kira mai aikin famfo. To, mahaɗar bututun roba iri biyu ce. Akwai wadda ake shafa wa gam a cusa, in ta kama ta kama ke nan, sai zarto. Akwai mai haƙora, wadda ake murɗawa kamar murfin jarka, a kwance ta ranar da aka ga dama. Mai aikin ya bi doguwar hanyar da za a binne ya liƙe da gam, da ya zo bakin inji, gaba da baya, ya sa masu haƙora. Ya ce masa, "Waɗannan biyu kada gam ya taɓa su. Gulbi ba ya sallama in zai dawo gidansa."

Ba a yi mako ba mahaɗar gaba ta fara ɗiga. Ɗigo fa, ba tsiyaya ba, wanda in ka tara na yini guda ba zai cika kwanon sha ba. Abin da take so kawai a kwance ta, a ƙara naɗa mata farin tef ɗin nan na famfo, a mayar. Amma maƙwabta sun samu abin tsokana, duk wanda ya wuce sai ya tambaya ko sabon injin har yanzu bai daina fitsarin kwance ba. Sai manomin ya wanke mai aikin famfo tas da zagi, wai macuci ne, da gangan ya bar wurin a sake don a riƙa kiransa kullum. Bawan Allah ya aiko cewa gobe zai zo ya gyara, ba ko kwabo. Manomin ya ce kada ƙafarsa ta sake taka masa gona. Ya hau keke ya je kasuwa ya sayo gam, ya kwance mahaɗun nan biyu, har da wadda ba ta yi masa laifin komai ba, ya lafta musu har yana zuba a yashi, ya murɗe da iya ƙarfinsa. Ɗigo ya ɗauke. Ya yini yana kiran mutane su zo su shafa su ji bushewa. Wallahi har yau in na tuna wannan wauta raina ɓaci yake. An gaya maka da baki, an ce za a gyara maka kyauta, me kuma kake nema?

Rani ya zo ƙarshe. Ran nan da hantsi, sama tas, ba hadari ba iska, ashe an tafka ruwa can nesa a tudu. Sai ihu daga gonakin sama: "Gulbi ya kawo! Gulbi ya kawo!" Kowa ya zubar da abin da ke hannunsa ya ruga. Murɗa nan, murɗa can, mutum biyu su cicciɓi inji su hau gaɓa. Gogan naka ya kama tasa mahaɗar ya murɗa, ko gezau. Ya sa hannu biyu har fatar tafinsa ta saɓule. Zarto kuwa yana gida, a soke a jikin danga. Ya suri fartanya ya sassare bututun gaba, ya fashe. Kafin ya juyo kan na baya, wanda ke kafe cikin yashi zurfin gaba uku, jan ruwa mai kumfa da karmami ya kai masa gwiwa, sara kuma ba ya ci a cikin ruwa. Ya yar da fartanyar ya rungume inji yana ja, yana zagin gam, yana zagin gulbi, yana zagin mai aikin famfo, ka ji rashin kunya! Ruwa ya kai ƙugu. Da ƙyar maƙwabta biyu suka finciko shi, yana kai musu duka. A kan gaɓa ya durƙusa, yana ji yana gani jan tankin injin ya nutse.

Bayan kwana huɗu ruwa ya janye, aka tono injin daga cikin yashi. Bakanike ya buɗe, ya girgiza kai, ya ce sai dai 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Mahaɗar baya kuwa tana nan daram a bakin injin, sai da aka aika gida aka ɗauko zarton. Rani na zagayowa aka ga mutumin ya koma guga, ba inji ba bijimi, kuma ba wanda ya ƙara tsokanarsa, don abin ya wuce dariya.

To ka ji. Inda za ka binne ka manta, sa gam son ranka. Inda wata rana za ka so kwancewa da gaggawa, bar mahaɗa da haƙoranta, ko da a tsakar kanka take ɗiga. In kuma ka ƙi, ga gwangwaninka nan, ɗauki. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.