Muryar da Ta Riga Shiga Kunne

Tun da masu bincike suka gano cewa murar nan mai kisa ta numfashin manya take kama jarirai, aka kafa doka. Da an haifi yaro, sai cikin akwatin gilashi.

A asibiti, Tanimu ya kasa zama. Ya je bakin taga, ya dawo, ya gyara takunkumin fuskarsa, ya sake komawa. Matarsa Ladidi ta sauka tun da hantsi, har yanzu ba a yi wa yaron huɗuba ba.

Ya tare ma'aikaciyar jinya. "Malama, don Allah a bar ni in yi masa kiran salla a kunne. Ni ubana da bakinsa ya yi mini."

"Wancan zamanin daban, Malam. Ga bututu nan, ka faɗa a ciki. Na'ura za ta tace ta isar masa."

Ya sunkuya ya yi kiran salla, sannan ya raɗa wa yaron sunan marigayi mahaifinsa. Kalmomin suka fito cikin gilashin sumul, amma ba da muryarsa ba. Muryar nan ce mai yin sanarwa a tasha da kasuwa.

Nan take yaron ya daina kuka.

A ƙofar gida ya tarar da babbar 'yarsa Talatu tana wasa, ita ma a gilashin ta fara duniya.

"Talatu, kin yi ƙane!"

Ko juyowa ba ta yi ba. Sai lasifikar unguwa, da muryar nan ta na'ura, ta ce a wanke hannu. Ita da duk yaran layin suka ɗaga kai lokaci guda, suna murmushi.