Rigar da Ba Guga

"Sannu, bawan Allah," in ji tsohuwar, tana duban mijinta cikin ladabi. "Wa kake nema?"

Tunda suka yi aure ba ta taɓa raga masa ba, sai yau, bayan an yi mata aikin zuciya, a ɗakin asibitin da fitila ba ta mutuwa, na'urori ba sa shiru.

"Ruɗewa ke neman kama ta, Baba," nas ta ce. "Dare da rana sun haɗe mata. Ina tabaraunta?"

Yana aljihunsa, ya adana don kada ya fashe. Nas ta zuge labule, rana ta shigo. Ya sa mata tabarau, ya gaya mata inda take, ya ambato jikoki ɗaya bayan ɗaya.

Ta daɗe tana ƙare masa kallo, daga hula har takalmi. Sai ta ja tsaki.

"Da wannan rigar ba guga ka shigo cikin mutane?"

Tsohon ya fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Yi ta faɗa, Hajiya," ya ce. "Don Allah, kar ki tsaya."